Gandun renon itatuwa na ɗalibanmu a Argungu: rubutun da nake ajiyewa

Alhamis, 16 ga Janairu, 2025

Yau shugaban makaranta ya sa hannu ya ba mu filin da ke bayan ɗakin ajiya, tsakanin katanga da tsohuwar tsamiyar nan. Taku ashirin ne a tsaye, goma sha biyu a kwance. Yana samun inuwa da yamma, kuma famfon tuƙa-tuƙa na unguwa bai wuce tafiyar minti biyar ba. A nan za mu rene itatuwan da za mu dasa idan damina ta zauna.

Shekara bakwai ke nan ina koyar da aikin gona. Yarana suna iya rubuta maka shafi guda a kan gurgusowar hamada. Sun san Kebbi tana cikin jihohi 11 na Arewa da shirin ganuwar itatuwa na Afirka ya ratsa, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi tun 2007. Amma da na tambayi wanda ya taɓa shuka ice da hannunsa ya ga ya rayu, yara uku kaɗai suka ɗaga hannu.

Akwai kuma abin da ya fi wannan damuna. Yaran nan suna zama aji ɗaya shekara da shekaru, ba su san juna ba. 'Yan cikin gari a gefe, 'yan bakin gulbi a gefe, yaran ruga biyu a benci na ƙarshe. Akwai wani yaro da iyayensa suka taso daga yankin Zuru bara saboda rashin tsaro. Tun da ya zo ban taɓa ganin wani ya ja shi wasa ba, kuma har yau "Baƙo" ake kiransa. Ina son in ba su wani abu mai rai, wanda zai mutu idan suka yi watsi da shi, kuma mutum ɗaya ba zai iya riƙe shi ba.

Ɗalibai 32 suka ba da suna: maza 20, mata 12.

Alhamis, 30 ga Janairu

Ba mu da kuɗin sayen baƙar ledar reno, sai muka koma ga ledar fiya wata. Sati biyu yara suna tsintowa daga kasuwa da tasha. Aka wanke, aka yanke baki, aka huda gindi da ƙusa. Mun cika 640 da haɗin ƙasa kashi biyu, rairayi kashi ɗaya, ruɓaɓɓen takin shanu kashi ɗaya.

Na raba su rukuni huɗu, mutum takwas-takwas, kowane rukuni da layinsa na leda 160. Da gangan na gauraya su, na raba aminai. An yi gunaguni, na toshe kunne.

Su da kansu suka ce ba su son "shugaba" da "sakatare", sarautu suke so. Aka naɗa Ma'aji, da Magatakarda, da Sarkin Shinge. Wani yaro ɗan masunta ya tashi ya ce dole a sami Sarkin Ruwa, don a Matan Fada ma, gulbin da ake bikin kamun kifi, ba mai jefa homa sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. Aka yi tafi, aka naɗa shi nan take. Shugabannin rukunai kuwa ni na zaɓa, kuma na bi sakamakon jarrabawa ne: wanda ya fi maki a kowane rukuni shi na ɗora.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Ranar shuka. Zogale 200, tsamiya 120, bagaruwa 120, gawo 120, kuka 80.

Zogale ba ya son wani gata, a sa shi a ƙasa kawai a ba shi ruwa. Tsamiya mun jiƙa ta kwana ɗaya. Bagaruwa da kuka ƙwayarsu tauri gare ta, sai da muka zuba musu ruwan zafi muka bar su suka kwana a ciki. Gawo ne ya so ya gagare mu. Na zo da 'ya'yansa a buhu, ina bayanin yadda za a goge bayan kowace ƙwaya a kan dutse don ruwa ya samu shiga, sai ɗaya daga cikin yaran ruga, wanda a aji sai ka kira sunansa sau biyu kafin ya ɗago, ya ce a hankali:

"Malam, ba sai an sha wagga wahala ba. A je garken awaki."

Na ce ya yi mana bayani. Ya ce awaki na cin 'ya'yan gawo da rani, ƙwayar ta fito cikin kashinsu ta riga ta yi laushi, shi ya sa ake ganin ƙananan gawo na tsirowa inda garke ya kwana. Na san wannan a littafi, amma ban taɓa tunanin amfani da shi ba. Washegari ya zo da ƙullin ƙwaya a ƙyalle, ya tsince su ɗaya bayan ɗaya daga garkensu. Muka shuka rabi nasa, rabi namu na goge-goge, Magatakarda ta sa alama don mu gwada.

Daga nan hira ta ɓalle a kan gawo. Yaran cikin gari da yawa ba su taɓa lura cewa gawo yana zubar da ganye da damina ne, ya yi kore shar da rani ba, saɓanin sauran itatuwa. Shi ya sa manomi ba ya sare shi a gona: ba ya tare wa gero rana, ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin dabba ne a lokacin da ciyawa ta ƙare. Yaron nan ya yi magana kusan minti goma, kowa ya yi tsit yana saurare. Da muka tashi na ga yara biyu sun bi shi suna tambayarsa shanu nawa ke garkensu.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Zogale ya fito tun kwana na takwas. Tsamiya ta biyo baya, kuka na ta jan ƙafa. Gawon garke ya riga namu fitowa da kwana huɗu. Lissafin Magatakarda na yau: 411 sun tsiro.

Matsala tana rukuni na biyu. Shugabansu shi ne na ɗaya a ajin gaba ɗaya, yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa da ladabi ga malamai. Ya zana jadawalin ban ruwa mai kyau da rula, amma bai sa sunansa a ciki ba. Yana tsayawa da takarda yana cewa wane ɗauko jarka, wance zuba nan. Jiya wata yarinya ta dire bokiti a gabansa ta ce, "Kai hannunka na zinariya ne?" Na shiga tsakani na kashe maganar. Yanzu ina ganin da na bar su sun ƙarasa ta.

Gobe za a ba da hutu saboda azumi, sai bayan Sallah. Mun tsara kowane rukuni ya turo mutum biyu kullum bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi. Baba maigadi ya ce zai riƙa buɗe musu ƙofa.

Asabar, 15 ga Maris (15 ga Ramadan)

Na yi tafiyar kwana biyar zuwa Birnin Kebbi wajen jinyar ƙanwata. Da na dawo na wuce makaranta kai tsaye. Layi uku kore. Layin rukuni na biyu kuwa ƙasa ta bushe ta tsattsage a cikin leda, ƙananan tsamiya sun sunkuyar da kai sun koma ruwan ƙasa, zogale ya zama kamar tsinken tsintsiya. Na tsuguna na ƙirga: 93 sun mutu. Kafin hutu ya yi nisa jimillar masu rai ta kai 487, yanzu 394.

Baba maigadi ya ce kwana huɗu ba wanda ya zo daga rukunin. Na aika aka kira su. Biyar suka zo, kuma baki ɗaya suka ɗora laifin a kan yaro ɗaya, wanda sunansa ya fito sau uku a jadawalin wannan satin. Da yamma na gamu da shi a hanyar kasuwa, raina a ɓace, na yi masa faɗa a gaban mutane. Na ce masa mai kasala, na ce ya kashe aikin mutum takwas. Bai ce komai ba, idonsa ya kawo ruwa, ya wuce.

Bayan isha'i mahaifiyarsa ta aiko ƙaninsa ya ce tana son ganina. Na je, ta yi magana daga bayan labulen zaure. Ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, ɗanka bai ƙi aikinku ba. Babansa na kwance sati biyu, shinkafarmu ta rani na fadama, in ba a ba ta ruwa ba mun rasa abincin shekara. Tun sahur yake fita da injin, sai la'asar." Ta ƙara da cewa tun da man fetur ya yi tsada bayan cire tallafi a 2023 ba sa iya ɗaukar ɗan ƙwadago, duk abin da suka samu injin ke shanyewa.

Na san fadamar nan. Na san rabin ɗalibaina shinkafar rani ce ke biya musu kuɗin littafi, musamman tun da noman ya bunƙasa bayan shirin bashin manoma da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015. Duk da haka ban tambayi yaron ko lafiya ba kafin in buɗe baki. Na nemi a kira shi, na ba shi haƙuri a gaban mahaifiyarsa. Ya ce, "Ba komai, Malam." Amma akwai komai, kuma ban yi barcin kirki ba a daren.

Abin da na gano daga baya: ya gaya wa shugaban rukuninsu tun ranar farko cewa ba zai samu zuwa ba. Shugaban ya ce jadawali jadawali ne, bai sauya ba, bai gaya wa kowa ba, bai kuma zo da kansa ba. Sauran shida kowa ya ɗauka ba ranarsa ba ce.

Alhamis, 10 ga Afrilu

An dawo makaranta. Yau ba mu taɓa bokiti ba. Na shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiya muka zauna da'ira, ni ma a ƙasa. Na fara da kaina: na gaya musu abin da na yi wa ɗan'uwansu a kasuwa, da kuma cewa kuskure ne da na zaɓa musu shugabanni da makin jarrabawa. Sannan na ce kowa ya faɗi abu biyu, abin da ya gano ya iya a wannan aiki, da abin da ya gano yana cutar da 'yan rukuninsa. Sharaɗi ɗaya: ba mai ambaton laifin wani.

An daɗe ba wanda ya yi magana. Magatakarda ce ta fasa shirun. Ta ce ta gano tana da haƙurin ƙirga da rubutu, amma idan ta ga abu na lalacewa sai ta rubuta a littafi ta yi shiru, don tana tsoron a ce ta cika iyayi. Ta ce ta ga layin rukuni na biyu na bushewa tun kwana na biyu. Sarkin Ruwa ya ce shi ƙarfi gare shi, jarka biyu yake ɗauka, amma yana raina wanda ba ya iya ɗaukar ɗaya, har ya sa wani ƙaramin yaro ya daina zuwa. Yarinyar da ta dire bokiti ta ce gaskiya take faɗa, amma bakinta na da zafi.

Da aka zo kan shugaban rukuni na biyu, ya daɗe yana wasa da tsinke a ƙasa. Sannan ya ce tun yana firamare ake ce masa shi ne na ɗaya, har ya ɗauka aikinsa shi ne ya san amsa, aikin wasu su yi ɗauka. Ya ce da yaron fadama ya zo masa da uzuri, abin da ya fara zuwa ransa shi ne jadawalinsa zai ɓaci. Muryarsa na rawa ya juya ya ce masa, "Ka yafe mini." Yaro ɗan shekara goma sha shida, a gaban 'yan mata da ƙannensa. Ban san manya nawa za su iya haka ba.

Na tambaye su ko sun san gayya. Kaɗan suka sani, daga bakin kakanni: yadda samarin gari ke taruwa a gonar mutum ɗaya da kalangu da fura, a nome ta rana guda, gobe a koma ta wani, kuma gonar mara lafiya da ta gwauruwa ake fara yi. Sai ga hannun yaron Zuru a sama, karo na farko tun zuwansa. Ya ce su ma suna da irinta, golmo suke ce mata: samari na haɗa ƙungiya su yi shekaru suna noma a gonar surukan kowane ɗayansu kafin a ba shi mata, kuma wanda bai yi golmo ba ba a ɗaukarsa cikakken namiji. Aji ya kaure da tambaya. Ya nuna musu yadda ake jerawa a kunya, kowa da layinsa, wanda ya riga gamawa ya juyo ya tari na baya. Wannan kalma ta "tarar na baya" ita yaran suka ɗauka.

Kafin mu tashi suka sake tsari da kansu. Kowane rukuni ya zaɓi shugabansa da ɗaga hannu. Biyu sun tsira da kujerunsu, biyu an sauya. An soke layin "namu" da "nasu" wajen ban ruwa: wanda ya gama nasa ya tari na baya. Wanda ke da uzuri ya gaya wa Sarkin Ruwa, ba sai ya faɗi dalili ba. Tsohon shugaban rukuni na biyu ya roƙi a ba shi aikin tura baro daga famfo.

Litinin, 28 ga Afrilu

Zafi ya kai inda ya kai, ma'auni na wuce 40 kusan kullum. Mun koma ban ruwa sau biyu, mun yi rumfar zana. Gara ta shiga layi na huɗu, muka barbaɗa toka muka ɗaga ledojin a kan duwatsu. Wata akuya ta sami kafa a shinge ta yi kiwo a zogale. Asarar duka 26, saura 368. Sarkin Shinge bai jira an tambaye shi ba, ya ce shi ya ga kafar ya ce sai gobe. Da yamma su shida suka yanko ƙaya suka toshe.

Mangwaro ya cika kasuwa, mun tara ƙwallo 48 mun shuka tun suna ɗanye, a manyan ledoji.

Asabar, 17 ga Mayu

Wani kuskuren lissafi nawa: zogale bai kamata a shuka shi tun Fabrairu ba. Ya yi tsawo ya kai gwiwa, saiwa ta fasa leda ta kama ƙasa, ba zai jira Yuli ba. Gawo ma saiwarsa doguwa ce mai nutsewa, shi ya sa muke ɗaga ledojinsa duk sati biyu muna datse abin da ya leƙo.

'Yan matan ne suka kawo mafita. Suka ce a raba zogalen gida-gida, a dasa kusa da wurin wanke-wanke inda ruwa ba ya yankewa, tunda kowace uwa na son zogale a kusa don kwaɗo da miya. Suka kuma kafa sharaɗi: ba wanda zai kai gidansu shi kaɗai, rukuni duka za su raka shi su dasa tare.

Yau muka zaga da baro biyu, zogale 118. Na bi ɗaya daga cikin rukunan. Muka shiga lungunan cikin gari, muka gangara unguwar masunta inda taruna ke shanye a kan katanga, muka miƙe har ruga, inda aka tare mu da ƙwaryar nono aka ƙi karɓar ko sisi. Yaran cikin gari uku sun ce ba su taɓa taka wurin ba, alhali tafiyar rabin awa ce.

Gidan su yaron Zuru ɗaki biyu ne na haya a bayan gari. Tun daga nesa na ga yana jan jiki, yana tafiya a baya. Mahaifiyarsa ta fito ta ga yara takwas da malami a ƙofarta, ta rasa inda za ta sa mu. Ta ce tun da suka zo garin nan ba wanda ya taɓa sallama a gidan don ɗanta. Yarinyar nan mai zafin baki ce ta karɓi fartanya ta ce, "Inna, ina kike zubar da ruwan wanki? Nan za mu sa." Suka dasa uku. Da za mu tafi uwar ta bi mu har bakin hanya tana sa albarka. A hanyar dawowa na ji Sarkin Ruwa ya kira yaron da sunansa na yanka, yana ce masa ranar Juma'a ya zo su je gulbi ya koya masa iyo da gora.

Asabar, 21 ga Yuni

Ruwa ya sauka sau uku, amma ƙasa ba ta jiƙu sosai ba. Muna jira.

Mun je gaishe da mai unguwa don neman wuraren dashe. Na ce ba ni zan yi magana ba. Magatakarda da tsohon shugaban rukuni na biyu suka shirya, suka durƙusa suka ce, "Ranka ya daɗe, mun zo da itatuwa 250 ban da mangwaro, muna neman inda za su amfani jama'a." Ya yi murna, amma ya yi musu tambayar da ta dace: an sha kawo itatuwa a dasa a ɗauki hoto, rani na zuwa awaki su cinye, wa zai kula da naku? Yaran suka dubi juna. Magatakarda ta ce kowane ice za a rubuta sunan ɗalibi biyu da gida ɗaya na kusa da shi, kuma ba za su dasa ko ɗaya ba sai da kariyar ƙaya. Ba mu tattauna wannan ba kafin mu zo. A wurin ta tsara shi.

Ya ba mu gefen maƙabarta, da harabar masallacin Juma'a, da hanyar da ta bi ta bakin asibitin unguwa. Gawo kuwa ya ce manoma biyar za su karɓa su sa a gonakinsu na tudu. Wani dattijo da ke zaune a wurin ya tuna mana cewa bikin kamun kifin da duniya ta san garin nan da shi ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. Ya ce ya ji daɗin ganin ɗan Bakabe da ɗan Bafulatani da ɗan Badakkare suna tura baro ɗaya. Yaran sun yi shiru, amma na ga sun ji.

Asabar, 12 ga Yuli

An kwana ana ruwa daren Alhamis, ƙasa ta jiƙu fiye da kamu ɗaya. Yau da sassafe muka fara da maƙabarta: tsamiya 40, bagaruwa 24 a jikin iyaka. Rami kamu biyu, taki a ƙasa, a yage leda a hankali kada ƙasar saiwa ta watse, a danne, a yi ɗan gurbi don ruwa ya tsaya. Samarin unguwa kusan goma da ba 'yan makarantarmu ba suka zo da diga ba tare da an kira su ba. Yaron fadama ya zo da babansa, wanda ya samu sauƙi, ya tsaya yana nuna musu yadda ake kafa ƙaya ta yadda akuya ba za ta tura ba.

Ɗalibai 29 suka zo. Biyu na gona, sun gaya wa Sarkin Ruwa tun jiya. Ɗayan shi ne ƙaramin yaron nan da ya daina zuwa tun Maris. Sarkin Ruwa ya je gidansu sau biyu, har yanzu bai dawo ba. Na ce zan raka shi na uku ranar Litinin.

Saura 186 a gandu, da mangwaro 31 da suka tsiro. Kuka 22 kaɗai ta rayu, ba mu yanke inda za ta je ba, don tana son fili mai faɗi. Ƙaya ta ƙare, ana bukatar kamar kura uku kafin Asabar mai zuwa, ranar masallaci. Hutun ƙarshen shekara ya kusa, Magatakarda ta fara zaga gidajen da ke kusa da maƙabarta tana rubuta waɗanda suka amince su riƙe ice. Ta sami 17, ana neman 64.